Ba Sani, Ba Sabo: Dokar da Ke Hana Malami Tambayar Dalili

Akwai kalmomin da duk jami'in da ya furta su a bainar jama'a sai an tafa masa, kuma "ba sani, ba sabo" na cikinsu. Kwamishina ya faɗa a taron manema labarai, a tafa. Shugaban makaranta ya maimaita a filin taron safe, iyaye su gyaɗa kai. Dalilin tafin ba ɓoyayye ba ne. Mutanen da suka daɗe suna ganin ɗan wane ya yi laifi an kau da kai, ɗan talaka ya yi rabinsa an yi masa terere, dole su ji sanyi a rai idan aka yi musu alkawarin dokar da ba ta duba fuska. Asalin ma'anar maganar ke nan: mai hukunci kada ya duba gidan da mai laifi ya fito.

Sai dai a harkar ladabtar da ɗalibai maganar ta ɗauko ma'ana ta biyu, wadda ta shigo a ɓoye cikin rigar ta farko. A rubuta laifi, a rubuta hukuncinsa a gefensa, duk wanda aka kama a zartar masa ba tare da an tambayi yadda aka yi ba. Wanda ya makara a rufe masa ƙofa. Wanda ya zo ba kayan makaranta a mayar da shi gida. Wanda aka samu da waya a fasa ta a gaban jama'a. Wanda ya yi faɗa a dakatar da shi, shi da wanda ya tsokane shi. Wanda aka samu da wuƙa a kore shi. Ma'anar farko ta hana malami duba fuskar yaro, ta biyun kuwa ta hana shi duba al'amarin kansa. Da yake suna ɗaya suke amsawa, duk wanda ya soki ta biyu sai a zarge shi da son alfarma. A yammacin Zamfara, a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, ruɗa waɗannan ma'anoni biyu na da tsadar da ba kowane yanki ne ke biyan irinta ba.

Tsarin yana da mahaifa, kuma mahaifar tasa ta riga ta gwada shi ta ga ƙarshensa. A Amurka aka raɗa masa suna, a yaƙin da gwamnati ta yi da miyagun ƙwayoyi a shekarun 1980, daga nan ya tsallaka makarantu. A 1994 shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar da ta wajabta wa jihohi korar duk ɗalibin da ya shigo makaranta da bindiga na tsawon shekara guda, in ba haka ba su rasa tallafin tarayya. Ita kanta dokar ta bar wa shugaban hukumar ilimi damar sassautawa gwargwadon hali, amma gundumomi suka yi gaban kansu, musamman bayan harbe-harben makarantar Columbine a watan Afrilun 1999. Suka faɗaɗa jerin laifukan ya haɗa da ƙananan wuƙaƙe da magungunan ciwon kai da faɗa da rashin kunya. A 2009, a jihar Delaware, an yanke wa yaro ɗan shekara shida kwana 45 a makarantar kangararru saboda ya zo da wani ɗan abin cin abinci mai haɗe da cokali da 'yar wuƙa. Sai da ƙasa ta ɗauki surutu aka janye hukuncin.

Irin wannan labari na ba da dariya, amma alƙaluma ne suka karya tsarin. Kwamitin da ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta kafa ya bi binciken shekaru, ya wallafa a 2008 cewa babu hujjar da ta nuna tsarin ya ƙara wa makarantu tsaro ko ya gyara halin ɗalibai. A 2011 aka fitar da wani bincike a jihar Texas wanda ya bi sawun ɗalibai kusan miliyan ɗaya tun daga ajin bakwai. Kusan kashi 60 cikin 100 an dakatar da su ko an kore su aƙalla sau ɗaya. Kashi 3 cikin 100 kacal na hukunce-hukuncen ne suka shafi manyan laifukan da dokar jiha ta wajabta kora a kansu. Sauran galibinsu laifuka ne na dokokin cikin gida. Ɗalibin da aka fitar daga aji kan irin waɗannan kuwa, yiwuwar ya faɗa hannun hukumar kula da yara masu laifi a shekara mai zuwa ta ninka kusan sau uku. Dokar da aka yi don bindiga ta ƙare a kan yaron da ya ɗaga wa malami murya.

Nijeriya ba ta buƙatar aron darasi daga ƙetare, domin tana da nata. A 1984, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, Doka ta 20 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga wanda aka kama da maguɗin jarrabawa. Shekara ashirin da ɗaya, a kan takardar da yaro ya ɓoye a safa. A 1999 aka maye gurbinta da wata mai sauƙin hukunci, maguɗi kuwa bai fasa ba, sai ma ya girma ya zama sana'a mai cibiyoyi, inda ake karɓar kuɗi a rubuta wa ɗalibai amsa a allo. Hukuncin da ya wuce kima yakan sa mai sa ido ya kau da kai, domin ba kowane malami ne zai iya tura ɗan maƙwabcinsa kurkuku ba. Kuma duk inda aka samu kau da kai, nan farashi ke shigowa. Duk da haka, a watan Mayun 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin haramta wa ɗalibin da aka kama da maguɗi zama kowace babbar jarrabawa ta ƙasa har shekara uku, a riƙa bibiyarsa da lambar NIN. Umarnin ya haɗa da hukunta makarantu da cibiyoyin da ke da hannu, kuma wannan ɓangaren ya yi daidai. Amma a auna shekara uku da ma'aunin Gummi. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da aka sha fama kafin a bar ta ta kai aji shida, idan aka ce ta jira shekara uku, kowa a unguwarsu ya san ɗakin miji za ta, kuma ta yi sallama da jarrabawa ke nan. A takarda an rubuta dakatarwa, a ƙasa kuwa hukuncin har abada ne, ga wadda wataƙila babban da ya karɓi kuɗin iyayenta ne ya miƙa mata amsar.

Akwai wani abu da ya keɓanta da wannan yanki, wanda duk mai tsara dokar ladabtarwa ga yaransa ya kamata ya fara da shi. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da mace-macen yara da ba su san kansa ba a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, mutane suka riƙa kwaso duwatsu daga ramuka suna kawowa cikin gari, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Duwatsun cike suke da dalma. Binciken da cibiyar CDC ta Amurka ta yi tare da hukumomin Nijeriya a Dareta ta ƙasar Anka da Yargalma ta ƙasar Bukkuyum ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin wata goma sha biyu, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin waɗanda aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 na ɗauke da gubar da ta kai ko ta haura maikrogram 45 a kowace desilita, matakin da ake fara ba da maganin fitar da ita. Don a gane girman wannan lamba, a Amurka tun 2021 yaron da jininsa ya nuna 3.5 ake fara bibiyarsa. Yara fiye da 400 suka rasu. Aka kwashe ƙasar saman gidaje a Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da sauransu. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, sai 2013 aka share ta, bayan an daɗe ana jiran kuɗi daga Abuja. Dubban yara suka sha magani, har MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022.

An ƙirga waɗanda suka mutu, an yi musu addu'a. Waɗanda suka rayu fa? Yaron da ke da shekara biyu a Dareta a 2010 ya cika goma sha bakwai a 2025. Wanda aka haifa a Bagega a 2012, kafin a share garin, shekarun ƙaramar sakandare yake ciki. Maganin da aka ba su yana rage gubar da ke cikin jini, amma Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar illar da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro a matsayin wadda ba ta warwaruwa. Illar kuwa ba a ganinta kamar gurguntaka. Tana rage ƙarfin natsuwa, tana raunana ikon danne fushi, tana taɓa ji da saurin fahimta da riƙe abin da aka faɗa. A cikin aji ga yadda take bayyana: yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, wanda aka ba umarni uku ya riƙe ɗaya, wanda aka ture shi ya rama kafin ya yi tunani. Hausa na da sunaye a shirye don irin wannan yaro, mai taurin kai, mai kunnen ƙashi, daƙiƙi, kuma kowanne daga cikinsu hukunci ne kafin shari'a.

Wannan ba hasashe ba ne. Masana tattalin arziki Anna Aizer da Janet Currie sun haɗa bayanan haihuwa da na gwajin jini da na makaranta na yara kusan 125,000 a jihar Rhode Island, suka gano cewa ƙaruwar dalma a jinin yaro namiji na ƙara yiwuwar a dakatar da shi daga makaranta, da yiwuwar a tsare shi daga baya. Yawancin yaran nan lambobin jininsu ba su ko kusanci abin da aka gani a Yargalma ba. Ba ana cewa duk ɗan waɗannan ƙauyuka yana da matsala ba ne. Da yawa sun tashi garau, kuma liƙa musu tambari zai zama zalunci na biyu. Abin da ake cewa shi ne malamin da aka turo daga wani gari ba shi da hanyar rarrabe yaron da ke gwada shi da yaron da ƙwaƙwalwarsa ta sha guba, sai idan ya tambaya, ya kira uwa ko kaka ya ji tarihi. Tambayar nan ce dokar "ba sani, ba sabo" ta haramta. Manya ne suka kawo dutsen gida, gwamnati ce ta yi jinkirin kwashe ƙasar, sannan a ƙarshe yaron ne zai tsaya a gaban taron safe a karanta masa takardar kora.

A duba kuma inda ƙofar makaranta ke fuskanta. A Texas yaron da aka dakatar gida yake komawa ya kalli talabijin, kuma ko a can an ga abin da hakan ya haifar. A Anka ko Bukkuyum, yaron da aka ce kada a sake ganin ƙafarsa yana da masu jiransa. Akwai ramukan zinare, waɗanda haramcin da gwamnatin tarayya ta sa a Afrilun 2019 bai rufe ba, kafin ma a ɗage shi a Disambar 2024. Akwai tasha da masu sayar da ƙwaya. Akwai kuma daji, inda ake neman yaro mai jin haushi, wanda ya san hanyoyin gari, wanda ya san gidan da aka sayar da shanu jiya. Mutanen yankin ba sa buƙatar a fassara musu kalmar infoma. Jihar da ta ga an kwashe 'yan mata 279 daga Jangebe a Fabrairun 2021, ta rufe makarantunta baki ɗaya bayan satar ɗaliban Kaya ta Maradun a Satumbar shekarar, ta kuma binne mutanen da aka kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022, ta san cewa kowane yaron da ke zaune a aji da ƙyar aka same shi. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Nuwambar 2023. Shirin AGILE na Bankin Duniya na kashe kuɗi don jawo 'yan mata sakandare. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma tilas, har ta tanadi tara ko ɗauri ga uban da ya hana ɗansa. Abin mamaki ne a ce uba ya hana yaro zuwa makaranta laifi ne, makaranta ta hana shi shigowa kuwa tarbiyya ce.

Ƙananan dokokin ma, idan aka ɗora su a kan ƙasar yankin, sai su canza kama. Makara laifi ce a garin da hanya ke lafiya. Yaron da ke tahowa daga ƙauyen da ba a fita sai rana ta ɗaga an ji labarin hanya, makararsa biyayya ce ga umarnin uwarsa. Rashin kayan makaranta sakaci ne ga mai hali. Ga iyalin da suka gudo Anka da tufafin jikinsu, ko waɗanda ambaliyar Agustan 2024 ta rushe wa gida a Gummi, wani abu ne daban. Waya a hannun ɗalibi na iya zama ta kallon banza, tana kuma iya zama wadda uba ya ba 'yarsa don ya ji ta isa lafiya. Ita kanta wuƙar, wadda ita ce mafi nauyi, tana da fuska biyu a ƙasar da yaro kan biya ya yanko wa akuya ciyawa a hanyar komawa gida. Wuƙar da aka zare wa ɗan aji da wadda aka manta a ƙasan jaka tare da igiya ba abu ɗaya ba ne, kuma ba a buƙatar digiri kafin a gane bambancin. Minti biyar na tambaya ya isa.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Malamin da ke gaban yara fiye da yadda aji zai ɗauka, albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, ba shi da lokacin zama alƙali ga kowane faɗa. Idan aka bar masa zaɓi, gobe kansila zai aiko, jibi mai unguwa, gata wani mai kuɗi, kowa na cewa a yi wa ɗansa afuwa. Doka mai tsauri garkuwa ce gare shi: ya ce ba ni ba ne, doka ce. Akwai kuma sauran yara, waɗanda su ma suna da haƙƙin karatu ba tare da tsoro ba, da yarinyar da wani ƙato ke tare wa hanya kullum. Duk wannan gaskiya ne.

Amma garkuwar wa take karewa a zahiri? Ɗan mai hali da aka kora daga makarantar gwamnati, kafin mako ya zagayo an sa shi a ta kuɗi a Gusau ko Sakkwato, ko kuma waya ɗaya daga sama ta sa an gano cewa kuskure aka yi. Ɗan manomi da aka kora ya koru. Dokar da ta yi daidai a takarda, sakamakonta bai yi daidai ba, domin abin da kora ke ƙwacewa daga yaran biyu ba ɗaya ba ne. Alfarma ba ta mutuwa don an tsananta doka. Ɓuya take yi ta koma matakin da ba a gani, wato matakin wa za a rubuta sunansa tun farko. Abin da ke kashe alfarma shi ne haske: a rubuta dalilin hukunci, a sa mutum fiye da ɗaya ya sa hannu, a ba uba damar ɗaukaka ƙara. Mai son kai ya fi tsoron rubuta dalilinsa fiye da kowace doka.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne a ji ana kare wannan tsari da sunan tsare addini da al'ada, a jihar da ta riga kowace jiha faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san cewa hukunce-hukuncen da aka ƙayyade, wato haddodi, 'yan kaɗan ne, an kewaye su da sharuɗɗan shaida masu wuya, ana kuma ture su idan aka samu shubuha. Ba a tsayar da su a kan yaron da bai balaga ba. Duk sauran laifuka na ƙarƙashin ta'aziri, inda aka ɗora wa alƙali nauyin duba mai laifi da halinsa da abin da zai gyara shi. Sayyidina Umar bai yanke hannu ba a shekarar yunwa. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin bayin Haɗibu da suka sace raƙumar wani mutumin Muzaina suka yanka: Umar ya fara ba da umarnin yanke hannuwansu, da ya fahimci ubangidansu na barinsu da yunwa sai ya juya kansa, ya ci shi tarar dirhami 800, ninkin kuɗin raƙumar. Imamu Malik ya bayyana cewa ba a aiki da ninka kuɗin, amma abin lura a nan shi ne mai hukunci ya tsaya ya nemi musabbabi, kuma da ya same shi nauyin ya koma kan wanda ya haddasa.

Malaman Malikiyya sun yi rubutu a kan ladabtar da ɗalibai musamman. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, da Alƙabisi da ya biyo bayansa, sun yarda da bulala, amma abin da ya fi damunsu shi ne ɗaure hannun malami: kada ta wuce uku sai da dalili da izinin uba, kada a taɓa kai ko fuska, kada malami ya yi hukunci don huce haushinsa, a fara da nasiha kafin a kai ga duka. Ibn Khaldun ya ware fasali a Muƙaddima yana bayanin cewa tsanantawa na koya wa ɗalibi ƙarya da munafunci, domin yana koyon nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannu. Ba a kawo waɗannan don a dawo da bulala ba. An kawo su ne don a ga cewa ko a zamanin da duka ba abin musu ba ne, malamai sun ɗauki aunawa a matsayin sharaɗin ladabi. Gummi gari ne na alƙalai: nan ne mahaifar Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, kuma Mai shari'a Lawal Hassan Gummi ya bar kujerar Babban Jojin Abuja a 2013 ya hau gadon sarautar garin. Bai dace a ce a irin wannan ƙasa ne za a koya wa yara cewa adalci shi ne yanke hukunci kafin a ji ta bakin wanda ake tuhuma ba.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Bayan tarzomar ɗalibai a Jami'ar Maiduguri a Fabrairun 1983, hukumar jami'ar ta kori wasu ɗalibai bisa rahoton kwamitin da mataimakin shugaban jami'ar ya jagoranta, alhali shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Gani Fawehinmi ya kai maganar har Kotun Ƙoli, kuma a 1986 kotun ta soke korar: ba a saurare su yadda ya kamata ba, kuma wanda aka yi wa laifi ba ya zama alƙali a shari'arsa. Laifin da ake zarginsu da shi ya haɗa da ƙone-ƙone da wawashe dukiya. Idan wanda ake zargi da cinna wuta yana da haƙƙin a ji ta bakinsa, yaron da ya makara minti goma bai kamata ya rasa shi ba. Bambancin kawai shi ne ɗalibin jami'a ya samu lauya, ɗan Nasarawar Burkullu kuwa ubansa ba zai ma san akwai inda ake kai ƙara ba.

Babu mai cewa a bar makaranta ta zama kasuwa. Akwai laifukan da dole a raba yaro da sauran ɗalibai a ranar: wanda ya zare makami a kan wani, wanda ya ci zarafin yarinya, wanda ke sayar da ƙwaya a cikin makaranta, wanda aka samu hujjar yana kai rahoto daji. Jerin nan gajere ne, kuma ya kamata ya zauna gajere, domin tarihin Amurka ya nuna yadda yake tsawo da kansa idan aka sake masa. Ko a kan waɗannan, fitar da yaro daga aji ba ya nufin sakinsa. A san hannun da aka miƙa shi, na uba ne, na hukuma ne, ko na wata makaranta. Hannun mutum ba ya ruɓewa ya yanke ya yar. Sauran laifuka kuwa hukuncinsu a cikin makaranta yake: shara, ban ruwan itatuwa, gyaran abin da aka fasa, biyan abin da aka ɓata, ba da haƙuri a gaban wanda aka cuta, zuwa da uba ko wa. Duk waɗannan suna da zafi ga yaro mai jin kunya, kuma babu wanda ke raba shi da darasin gobe.

Malamin da ke tsoron matsin lamba shi ma akwai garkuwar da ta fi masa doka makauniya. Kwamitocin SBMC, waɗanda suka haɗa iyaye da malamai da wakilan masu unguwanni da mata, suna nan a tsarin makarantun gwamnati, ko da yake da yawansu sai an zo rabon kayan gyara ake tunawa da su. Idan aka ce babu dakatarwar da za ta wuce 'yan kwanaki sai kwamiti ya zauna, an ji ta bakin yaro da waliyyinsa, an rubuta dalili an sa hannu, to shugaban makaranta ya samu abin faɗa wa mai neman alfarma: ba ni kaɗai ba ne, kuma a rubuce yake. A ƙauyukan da gubar dalma ta shafa, ya kamata a ƙara mataki ɗaya, a tambayi iyaye ko yaron na cikin waɗanda aka yi wa magani, a asirce, ba a gaban aji ba, kuma amsar ta zama dalilin matso da shi benci na gaba da rarraba masa umarni ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma ƙidayar da ta kamata a riƙa yi. Ana sanar da yawan yaran da aka sa a makaranta, da azuzuwan da aka gyara, da kuɗin jarrabawar da aka biya. Ya kamata a riƙa sanar da yawan waɗanda makaranta da kanta ta mayar gida a kowane zango, a kan wane laifi, da nawa ne suka dawo. Binciken Texas bai yiwu ba sai don an ajiye irin wannan lissafi shekara da shekaru. Sakatarorin ilimi na Anka da Gummi da Bukkuyum ba sa buƙatar jiran Gusau ko Abuja kafin su fara. Rijistar kiran suna tana hannun kowane malamin aji; abin da za a ƙara shi ne gurbi guda a gefen sunan yaron da ba ya nan, a rubuta ko shi ne bai zo ba, ko kuwa ya zo an mayar da shi daga bakin ƙofa.